Tammar da Aka Wanke da Toka

Ranar Lahadi bayan azahar Hajiya Fatou ta hau hawa na shida da kwanon dambu a hannu, ta tarar da ƙofar Malam Mika'ilu a buɗe. Ihun da ta yi sai da ya fito da rabin mutanen benen. Ita kuwa lambar waya ɗaya ta faɗo mata a rai, ta Zakiyya, don gidan su Zakiyya na kallon nasu a nan unguwar Rillieux, gefen birnin Lyon, kuma ita ce ke iya yi wa masu motar asibiti bayani ba tare da bakinta ya sarƙe ba.

Zakiyya ta iso da gudu, ko ɗankwali babu. Tsohon na kwance tsakanin tebur da kabad. An fasa masa kai da ƙarfen fitilar karatunsa, an karya masa yatsu uku na hannun dama, ɗaya bayan ɗaya. Yana numfashi, amma kowane numfashi da jini yake fita. Faifan katakon da yake jera tsofaffin kuɗinsa na kife a ƙasa, an zazzage aljihunan tebur, an farke katifa.

Ta durƙusa ta danne raunin da tawul. Hannunta na wannan aiki, idonta na wani. Mahaifinta mai bin sawu ne a ƙasar Abalak, har daga Tahoua ake zuwa ɗaukarsa in an kore raƙuma. Da yake bai samu ɗa namiji ba, ita ya riƙa tasawa gaba tun tana shekara bakwai, yana sa ta tsugunna a kan yashi ta faɗa masa wa ya wuce, da me ya ɗauko. Shekara biyar tana karatun tsofaffin kuɗin Rumawa a jami'ar Lyon, idon nan bai bar ta ba.

Akwai sawu cikin jinin. Daga tebur zuwa kabad, daga kabad zuwa ɗakin kwana, daga nan zuwa ƙofa. Sawun safa ne, ba na takalmi ba. Ƙafar dama lafiya lau take sauka. Ta hagu kuwa a gefenta na waje take dafa ƙasa, babban yatsanta ba ya taɓawa sam. A bakin ƙofa sawun ya ƙare, matattakala tsaf, ko ɗigo babu.

Wanda ya yi wannan aiki ya cire takalminsa kafin ya shiga.

Ba ta samu ta sake dubawa ba. Ma'aikatan ceto suka shigo da manyan takalmansu, maƙwabta suka biyo baya, cikin minti biyu sawun ya zama caɓi.

*

Abu ɗaya aka rasa a gidan: baƙar tammar nan.

Malam Mika'ilu tsohon direba ne, ya yi shekara talatin yana tuƙa manya a Paris kafin ya dawo nan ya huta. Ba shi da wata sha'awa sai yawon kasuwar tsofaffin kaya, yana sayen kuɗin da aka daina ci. Duk kuɗin azurfa tamma yake ce masa, kamar yadda ake faɗi a gida. Wata biyu da suka wuce ya sayo gwangwani guda na tarkace, ya kira Zakiyya ta duba masa. A ciki ta tsinci wata 'yar tamma baƙa wuluk, ba ta fi farcen babban yatsa ba. Fuska ɗaya kan Agusta sarkin Rum, ɗayar kuma sa ne ya sunkuyar da kai zai yi tunkuyi. A nan Lyon aka buga ta, sama da shekara dubu biyu. Zakiyya ta auna ta, ta ɗauki hotonta ta kowane gefe.

Kuskurenta a wurin wani taron suna ta yi shi. Malam ya fito da tammar yana nuna wa jama'a, aka yi ta dariya, wani ya ce ko yaro ba zai karɓi wannan a sayi alewa ba. Zakiyya ba ta iya jin jahilci ta yi shiru. Ta ce da ƙarfi, gaban maza da mata, wannan abin da suke wa dariya zai yi euro dubu uku a Paris. Malam ya ƙyalƙyale da dariya, ya nuna Abdulhamid, injiniyan nan mai sanyin hali da ke kai shi kasuwa a motarsa kowace Asabar.

"Ga injiniya nan, shi ya fara ɗaga gwangwanin. Ya ce mini, Baba, aje, ƙarfen bola ne! Karatu har Faransa, tsohon direba ya fi shi ido."

Aka sake dariya. Abdulhamid ma ya yi.

Yanzu kowa ya tuna ranar. Wa ya san darajar abin? Wa ke shiga gidan tsoho ita kaɗai? Wa ya san masu saye? Kafin Talata labari ya gama zaga unguwannin Rillieux da Minguettes cewa 'yar bokon nan mai yawo kai buɗe ita ta turo ƙarti. 'Yan sanda suka riƙe ta awa shida, don shatin yatsunta na ko'ina a kan faifan. Ta faɗa musu zancen sawun safa, jami'in ya rubuta kamar mai rubuta mafarki. Ranar Laraba shugaban sashensu a jami'a ya kira ta, ya yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe ya miƙo hannu. Makullin ɗakin da ake ajiye tsofaffin kuɗi yake so, har sai magana ta fito fili. Dukan aikin digirinta a ɗakin nan yake. Wanda aka taɓa kira ɓarawon kuɗin tarihi, ba gidan tarihin da zai sake buɗe masa ƙofa.

Ta ciro makullin ta aje masa a tebur, ba a hannu ba.

"Ka adana shi da kyau," ta ce. "Zan dawo in karɓa."

A ranar Larabar ta wuce asibiti, Malam bai farfaɗo ba. Ta tarar da Alhaji Mu'awiya, shugaban ƙungiyar 'yan Nijar na unguwar, tsaye a baranda da mutane. Ta gaishe shi, ya dubi bango.

"Yarinya, ranar Asabar bayan la'asar akwai zama a ɗakin ƙungiya. Ki zo da abin mutane."

Abdulhamid ne kawai ya rako ta har bakin matattakala. Tun ranar Lahadi kullum yana nan, daga aiki sai gefen gadon tsohon.

"Ƙanwata, kar ki sa a ranki. Ni na ce musu a bi a hankali. Likita ma ya ce da wuya Baba ya tuna wani abu, ko da ya tashi."

*

Ita Zakiyya Habibou take zargi, ɗan ƙanwar Malam. Kowa ya ji rigimar da suka yi ranar Juma'a, har ya fasa kofi a bango. Ta hau taram, jirgin cikin gari, zuwa Minguettes ta ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ya buɗe da singileti. Da ya ga ita ce, fuskarsa ta canza.

"Ke? Har kina da idon zuwa gidana?"

"Ina kake ranar Lahadi da rana?"

Ba ta ga tahowar hannun ba. Marin ya haɗa ta da ƙarfen matattakala, leɓenta ya fashe, kunnenta ya ɗauki ƙara. Ta miƙe. Ya sake kai mata, wannan karon da dunƙule, ta zube a kan gwiwa.

"Kawuna na can kamar gawa, ke kina tambayata? *Dégage*, ɓace mini kafin in jefa ki ƙasa!"

Tana durƙushe jini na ɗiga a siminti, ƙafafunsa na daidai fuskarta, tsirara cikin silifa. Manya ne kamar faranti, sun fi sawun ɗakin da kusan yatsa biyu. Babban yatsan hagu ya baje a ƙasa, daram.

Ta tofar da jinin, ta tashi ta kakkaɓe siket.

"Ba kai ba ne," ta ce. "Kai dabba ne kawai."

Ta sauka a hankali, tana riƙe da ƙarfe.

*

Hajiya Fatou ta gasa mata fuska da ruwan zafi tana salati.

"Habibou ai ba ya cire takalmi ko a gidan uban wa. Rigimar Juma'ar ma a kan haka ta tashi, ya taka wa Malam darduma da takalmin aiki. Ɗiyata, ki bar maganar nan, za su kashe ki."

"Hajiya, ba su da wannan ƙarfin."

Tsohuwar ta kwance bakin zanenta.

"Jiya da 'yan sanda suka ba ni izini na wanke ɗakin. Wannan na tsinta can ƙarƙashin ƙarfen ɗumama ɗaki. Ba baƙar da ake nema ba ce, wannan sabuwa ce fil. Na ce in aje masa."

Fara ce tas, tana walƙiya kamar cokalin amarya. Zakiyya ta karɓa, ta juya ta, sai ga sa ya sunkuyar da kai.

A ɗakinta ta kunna fitila, ta ɗora ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta buɗe hotunan da ta ɗauka wata biyu baya. Kowace tammar Rumawa da hannu aka buga ta, babu biyu da suke daidai. A hoton akwai wani siririn layi da ya taso daga kofaton san zuwa baki, tsagar da ke jikin hatimin maƙerin da ya buga ta. Ga layin nan a kan farar. A bayan kunnen sarki akwai ɗan lotsawa kamar ƙwayar gero. Ga shi nan. Ta ɗora a sikeli, nauyin ya yi daidai, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Fuskar sarki kuwa duk ƙananan ƙarce ne, zagaye-zagaye, kuma a cikin lungun haruffa akwai wani farin gari da ya maƙale. Ta lakato da bakin allura ta murza a yatsa.

Toka. Lemun tsami da toka, yadda kakarta ke wanke mundaye ranar jajibirin salla.

Ashe ba a gudu da komai ba. An ɗauki tammar tun kafin Lahadi, an ga ta yi baƙi, an yi mata abin da duk ɗan gida zai yi wa azurfa kafin ya kai ta kasuwa. Baƙin nan kuwa shi ne shekara dubu biyun, shi masu saye ke biya. Sannan an dawo da ita an jefar a ɗakin.

Ta san in aka kama ta da wannan abu a jaka, ta gama yawo. Ta naɗe shi a auduga ta sa a aljihu, ta sayi tikitin jirgin ƙasa na safe.

*

Masu sayen tsofaffin kuɗi a Paris kusan duk a titi ɗaya suke. Kanti uku suka dubi kumburarren leɓenta kafin su dubi hoton, suka ce ba su gani ba. A na huɗu wata tsohuwar Bafaransa ce mai tabarau a wuya. Zakiyya ba ta nuna mata hoto ba, ta buɗe audugar.

Matar ta dafe ƙirji.

"Wayyo, san nan! Ranar Asabar aka kawo mini shi. Na kusa kuka."

"Wa ya kawo, Madam?"

"Wani ɗan Afirka, da kwat, mai ladabi ƙwarai. Sai da ya riƙe wa wata mata ƙofa. Ya ce euro dubu uku. Na ce masa, Malam, kafin a kankare ta, e. Yanzu ko ɗari uku sai na yi tunani. Ya ce, wato jabu ce? Na ce a'a, ta gaske ce, an dai lalata ta. Bai ji ni ba. Ya ɗaga ta ya sake ta a kan dutsen daɓena, wai in ji ƙarar azurfa! A kantina! Sai ya tsaya yana magana shi kaɗai. Ya ce tsohon ya musanya, ya ɓoye ta gasken."

Zakiyya ta tuna yatsun nan uku, ɗaya bayan ɗaya.

"Kina da kamara?"

"Ina da ita, amma ba ke zan nuna wa ba. 'Yan sanda su zo da takarda. Wa ya yi miki wannan a fuska?"

"Wani da ba shi ba ne."

A jirgin komawa ta yi lissafinta. 'Yan sanda ba za su taso daga Lyon a kan maganar wadda suke zargi ba, sai ta ba su suna. Mutumin ɗan gida ne, mai ladabi, mai kwat. A wurin sunan nan masu kwat sun fi goma. Fuska ba ta da amfani. Ƙafa take nema, kuma wuri ɗaya ne duk mazan nan ke tafiya ba takalmi.

*

Ɗakin ƙungiya a ƙarƙashin wani bene yake. Daga wurin alwala zuwa shimfiɗar salla akwai taku shida na jan daɓe. Ranar Asabar Zakiyya ta riga kowa zuwa, ta zauna a kujera daidai nan, jakarta a cinya. Mata suka shigo suka wuce ta ba sallama, sai Hajiya Fatou da ta zauna kusa da ita.

Maza suka fara fitowa daga alwala, kowa na barin sawunsa a jiƙe. Alhaji Mu'awiya, diddige mai nauyi. Habibou, farantansa. Wani mai jan ƙafa, wani mai tafiya a kan yatsu. Kowane sawu minti ɗaya yake yi ya bushe. Ta ƙirga goma sha huɗu.

Na goma sha biyar, dama lafiya lau. Hagu a gefen waje, yatsu huɗu, gurbin babban a bushe.

Ta ɗaga kai a hankali. Abdulhamid na warware hannun rigarsa. Ya yi mata murmushi.

Suna salla ta rubuta wa jami'in da ya yi mata tambayoyi saƙo: suna, adireshin kantin Paris, ranar Asabar, kamara, da inda suke yanzu. Ta ƙara da cewa mutumin kullum yana zaune shi kaɗai gefen gadon wanda ya daka.

Aka sallame, aka yi da'ira. Alhaji Mu'awiya ya gyara murya.

"Yarinya, ba mu son tonon asiri a ƙasar mutane. Ki fito da abin nan, ki faɗi waɗanda kika turo, mu san yadda za mu yi."

Zakiyya ta tashi ta shiga tsakiyarsu, ta buɗe audugar ta aje a kan shimfiɗa.

"Ga ta."

Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Habibou ya yunƙura, aka riƙe shi. Wani ya ce ai wannan fara ce, waccan baƙa ce, rainin wayo za ta yi musu.

"Ita ce. Hajiya ta tsince ta a ɗakin Baba Malam, ku tambaye ta. Wani ya ɗauke ta, ya dirje ta da lemun tsami da toka, ya kai Paris. Aka ce masa ba ta da kuɗi. Ya dawo ya cire takalminsa a bakin ƙofa, ya yi sallama, Baba ya ce shigo. Ni na ga sawunsa cikin jini kafin ku tattake. Habibou ba ya cire wa kowa takalmi, kun sani. Wannan mai tarbiyya ne."

Ta juya.

"Yaya Abdulhamid, me ya sami babban yatsanka na hagu?"

"Ƙwallo, tun ina ɗan makaranta a lakkwal. Ƙanwata, wahala ta taɓa ki. Mutum nawa ne suka taɓa karya yatsa?"

"Da yawa. Amma matar kantin na da kamara, kuma 'yan sanda na da sunanka tun kuna raka'a ta biyu." Ta matsa kusa da shi. "Abu ɗaya nake so ka sani kafin su iso. Baba bai musanya komai ba. Ta gasken ce a hannunka tun farko. Sau biyu tana zuwa hannunka, sau biyu ba ka gane ta ba. Kai ka kashe ta da hannunka, sannan ka je ka karya yatsun tsoho yana rantse maka da Allah."

Fuskar nan mai sanyi ta narke kamar ba a taɓa yin ta ba. Ya yi tsalle ɗaya ya shaƙe ta, suka faɗi tare, ƙeyarta ta bugi daɓe. Yatsunsa suka nutse a maƙogwaronta.

"Ƙarya kike! Ni na ɗaga gwangwanin! Ni! Ya mai da ni abin dariya, ke kuma..."

Ɗakin ya fara yi mata duhu. Ba ta roƙe shi ba. Ta lalubi ƙafarsa ta hagu da diddigen takalminta ta taka tsohuwar karayar da dukan ƙarfinta. Ya yi ƙara, hannunsa ya saki. Sai ga Habibou a kansa. Naushin farko ya karya hanci, na biyu ya zubar da haƙora biyu a kan shimfiɗar salla. Sai da mutum biyar suka taru kafin su ɓamɓare shi.

Alhaji Mu'awiya ya ɗaga murya.

"A rufe ƙofa! Mu kashe wutar nan tsakaninmu. Yarinya, ki kira su ki ce kuskure ne. Ɗanmu ne, yana da iyali."

Zakiyya ta dafa bango ta miƙe. Muryarta ta dushe, amma kowa ya ji.

"Alhaji, ranar Laraba ni ɗiyar wa ce?"

Ta ɗauki tammar, ta je da kanta ta buɗe ƙofar, ta tsaya a bakinta har aka ji jiniya.

*

Kwana goma bayan nan shugaban sashe ya miƙo mata makulli yana neman kalmomi. Ta ce ya aje a tebur, ta ɗauka daga nan.

Tammar kuwa sai da ta yi wata huɗu a hannun hukuma. Ranar da aka maido ta, Zakiyya ta kai ta gidan da Malam Mika'ilu ke koyon tafiya. Ido ɗaya ya rage masa, maganarsa a hankali take fita. Ta sa masa ita a tafin hagu, don yatsun dama ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Ya daɗe yana kallon walƙiyar.

"Sun yi mata wanka," ya ce.

"Sun yi, Baba."

"Za ta sake baƙi?"

"Za ta yi. Amma ba mu za mu gani ba. Ƙarcen kuma ya zauna ke nan."

Ya ɗago idon ya dubi ɗan tabon da ke leɓenta. Ya juya tammar da babban yatsa, ya kawo ta kusa da fuska, yana lalube har ya samu abin da yake nema.

"To, ai san na nan," ya ce. "Bai ɗaga kai ba."

"Bai ɗaga ba."

"Gwangwanin fa? Akwai sauran tarkace a ciki da ba ki gama dubawa ba."

Zakiyya ta jawo kujera, ta buɗe jaka ta fito da sikeli.